Shafin Tía Griselda

Tía Griselda ƙanwar mahaifiyata ce. Shekara goma sha tara ta yi tana gyaran ɗakuna a wani otal da ke tsakiyar Houston, har gwiwarta ta hagu ta ƙi ɗaukarta, ta dawo gida ta zauna. Da zaman ya ishe ta sai ta fara jingina waya da gwangwanin gishiri tana ɗaukar kanta a bidiyo tana girki. Ba ta iya shiru ba. Tana cuɗa ƙullin masara tana zagin tsadar nama, tana naɗe shi cikin ɓawon masara ya zama tamale tana ba da labarin yadda marigayi mijinta ya taɓa ƙona mata tukunya biyu a rana ɗaya. Cikin shekara uku shafinta na Facebook ya tara mabiya dubu tamanin da ɗoriya, yawancinsu mata irinta, daga Gulfton har Pasadena, har da na Dallas waɗanda ba su taɓa ganinta ido da ido ba.

Daga baya girkin ya zama hujja kawai. Mutane suka koma tambayarta komai: wane asibiti ne ba ya neman takardun zama a ƙasa, wane mai gidan haya ne ke cinye kuɗin ajiya, ina za a kai yaron da malamai suka ce ba ya magana. In ta sani ta faɗa, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Talla kuwa ba ta karɓa sai abin da ta ci da bakinta. Wani kamfanin man girki ya taɓa aiko mata da katan guda, ta soya ƙwai da shi a gaban mutane, ta ɗanɗana, ta ce, “Wannan a zuba wa mota.”

Mai riƙe mata waya shi ne Don Baudelio Reséndiz, maƙwabcinta, mutumin San Luis Potosí, can ƙasarmu ta asali, mai aikin rufin gidaje. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Shekararsa ashirin da huɗu a Houston ba shi da takardar zama ko ɗaya, kuma bai taɓa tuƙa mota fiye da ƙa'ida ba. Ranar farko ya shigo gyara mata rufin da ke yoyo ne, ya tarar wayar ta faɗa cikin garin masara, ya ɗauka ya riƙe mata, daga nan bai sake ta ba. Mabiya ba su san fuskarsa ba, muryarsa suka sani.

“Baudelio, hannunka rawa yake. Tsufa ne ko yunwa?”

“Ƙamshi ne, Doña. Ki ba ni ɗaya hannun ya tsaya.”

“Ka ci uku ɗazu, ga ciwon suga. So kake ka mutu a kicin ɗina a ce ni na kashe ka?”

Kowa a unguwar ya san aure za su yi. Su ne dai suke jan ƙafa, suna cewa sai yanayi ya yi sanyi.

Ni sunana Nohemí. A Houston aka haife ni, ni ce ta farko a danginmu da ta gama jami'a, kuma a lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin talla da hulɗa da jama'a mai suna Puente Claro. Aikinmu shi ne mu koya wa masu kaya yadda za su yi magana da mutanenmu, baƙi masu jin Sifaniyanci. Mai kamfanin, Fabián Lozoya, jikan mutanen Monterrey ne, amma Sifaniyancinsa na gaisuwa ne kawai, saboda haka duk abin da za a faɗa wa iyayenmu ni nake rubutawa.

Wata Litinin ya kira ni ofishinsa ya ce mun samu babban abokin ciniki. Wani ofis ne mai suna Camino Seguro, na wani Rigoberto Almazán, wanda ke samo wa mutane takardar izinin aiki cikin wata shida, muddin mutum ya yi shekara goma a ƙasar.

“Ba allon titi yake so ba,” in ji Fabián. “Ya ce mutanenmu ba sa yarda da allo. Fuskar da suka sani yake so. Na ce masa ai fuskar tana gidanmu.”

“Tía ba ta tallan abin da ba ta ci ba.”

“To ki kai ta ta ɗanɗana.”

Da na koma teburina na buɗe jerin sunayen lauyoyin jihar Texas na rubuta sunan mutumin. Babu shi. Na juya sunan, na cire na tsakiya, babu. Na koma na faɗa wa Fabián.

Bai ɗago daga wayarsa ba. “Ya ce miki shi lauya ne? Akwai lauyan da ke sa masa hannu. Nohemí, mu masu talla ne, ba kotu ba. Na ga katunan izinin da idona, na gaske ne. Kuma in wannan aikin ya tafi daidai, sashen shafukan sada zumunta gaba ɗaya naki ne.”

Na tsaya kaɗan a bakin ƙofa, sannan na fita. Iyakar binciken da na yi ke nan.

Ranar Alhamis na kai Tía ofishin. Yana cikin jerin shaguna ne a titin Bellaire, tsakanin gidan wanki da wani mai sayar da burodi. Ciki fes, ga hoton Budurwa Maryamu da fitila a gabansa, ga mutane cike da kujeru kowa da jakar takardunsa a cinya. Almazán ya fito da kansa, dattijo mai furfura da tattausar murya. Ya riƙe hannun Tía da hannu biyu ya ce matarsa ba ta dafa pozole, farfesun masara da nama, sai ta kalli bidiyonta. Ya kira wani matashi mai aikin gini ya nuna mata katinsa, sabo fil, da hotonsa a jiki. Tía ta juya katin gaba da baya, ta shafa shi da yatsa.

A mota, da muka hau babbar hanya, ta ce, “'Yata, ni ban yi karatu ba, ke kika yi. Kin bincika mutumin nan?”

Na ce, “Na bincika, Tía.”

“To shi ke nan.”

Na rubuta mata abin da za ta faɗa, na sa shi cikin irin maganarta yadda ba wanda zai ce rubutu ne. Ta haddace, ta ƙara nata barkwancin, ta faɗe shi tana yanka albasa. Akwai jimla ɗaya da Fabián ya fi so, har ya sa aka yanko ta aka yi ta yaɗawa: “Ni da ƙafata na je, da idona na gani, kuma kun san ba na yi muku ƙarya.” Cikin mako guda mutum dubu ɗari biyu suka kalla. Almazán ya ɗauki ƙarin ma'aikata uku.

Don Baudelio ne kaɗai ya ƙi. Ina wurin ranar Lahadin da suka yi maganar, bayan coci, muna cin naman barbacoa a tsakar gida.

“Doña, shekara ashirin da huɗu ba su san sunana ba, kuma ina nan lafiya. Me zai sa in kai musu shi da hannuna?”

“Saboda na gaji da leƙa taga duk ranar da ka yi latti. Kuma wane ido zan kalli mutane da shi? In ce su je, na gidana ya ƙi zuwa?”

“Au, na zama na gidanki yanzu?”

“In ka je za ka zama.”

Ya yi dariya ya kalle ni. “Nohemí, ke ce mai ilimi. In je?”

Bakina cike yake da nama. Na gyaɗa kai.

Katinsa ya zo a wata na bakwai. Tía ta sa shi ya fito gaban kyamara a karon farko, da hularsa a hannu yana jin kunya, ya ɗaga katin. Mata suka cika shafin da addu'a da tsokana, wata ta rubuta cewa ashe mai muryar kyakkyawa ne. Ya samu lasin tuƙi, ya bar ƙananan ayyuka ya shiga babban kamfanin gini. Ni kuma aka ba ni sashen da aka yi mini alkawari, da ofis mai taga.

Shekara ɗaya da rabi abin yana tafiya haka.

Saƙon farko wata mata ce daga Pasadena ta rubuto, ta ce wasiƙa ta zo wa mijinta daga kotun shige da fice, ba su gane ba, ko Doña Griselda za ta tambayar musu. Tía ta kira ofishin Almazán, ba a ɗauka ba. Kwana uku bayan haka saƙonni irin wannan sun kai arba'in. Na tuƙa mota na je Bellaire da kaina. An manna farar takarda a gilashi, ciki babu ko kujera. Mutane kusan ashirin ne tsaye a cikin rana da jakunkunansu, suna leƙen ɗakin da babu kowa.

Wata lauya ta ƙungiyar agajin baƙi, Itzel Barragán, ita ta yi mana bayani a ofishinta. Babu wata dokar shekara goma da ke ba da izinin aiki. Abin da Almazán yake yi shi ne ya cike wa kowa takardar neman mafaka, ya ƙirƙiro masa labari, wai ana neman kashe shi a ƙasarsa, ya ba shi ya sa hannu a Turancin da ba ya ji. Duk mai jiran hukuncin mafaka ana ba shi izinin aiki na ɗan lokaci, shi ya sa katunan na gaske ne. In an zo sauraro aka ga labarin ba shi da tushe, sai a tura mutum kotu a fara shari'ar fitar da shi. Mafi muni, mutane da yawa adireshin ofishin Almazán aka rubuta musu, don haka sammacin kotu can yake zuwa, ba su sani ba, ranar ta wuce, alƙali ya yanke hukunci ba sa nan.

Tía ta ce, “Duba min Baudelio Reséndiz.”

Lauyar ta shigar da lambarsa, ta daɗe tana kallon allon. Ta ce ranar shari'arsa ta wuce da wata biyu. An riga an ba da umarnin fitar da shi.

“In mun yi aure gobe fa?”

“Zan shigar da roƙo a sake buɗe shari'ar, Doña. Amma ba zan ruɗe ki ba. Aure ba ya goge wannan.”

A wurin aiki Fabián ya riga ya fara shara. Ya sa an cire sunan Camino Seguro daga shafin kamfaninmu, ya ce in goge duk bidiyon da muka yaɗa. Sannan ya ce in rubuta sanarwa biyu. Ɗaya tamu, mai cewa mu ma yaudararmu aka yi, kuma masu shafuka su ke da alhakin abin da suke faɗa wa mabiyansu. Ɗaya ta Tía, gajera, wadda babu kalmar haƙuri a ciki, don lauyansa ya ce ba da haƙuri amsa laifi ne.

“Fabián, ni na rubuta mata maganar nan.”

“Kin rubuta, ita ta faɗa. Fuskar wa mutane suka gani?”

Na rubuta duka biyun. Na kai wa Tía tata da rana, na tarar ta rufe labulaye, an fasa ƙwai a jikin ƙofarta ya bushe. Ta sa tabarau ta karanta a hankali tana motsa leɓe, sannan ta miƙo mini.

“Wannan ba bakina ba ne.”

Ta jingina wayar da kanta ta shiga kai tsaye, babu tukunya a gabanta. Ta ce ita ta tura su, ta ce su yafe mata in za su iya, ta karanta lambar wayar lauya Itzel sau uku. Ina gefe ina ganin sharhi yana gudu a allon. Ɓarauniya. Nawa aka ba ki. Mijina yana tsare tun Talata, ki zo ki faɗa wa yarana. Ke ai kina da takardunki. Wasu suka kare ta, aka koma zaginsu su ma. Ba ta kashe ba sai da ta yi minti arba'in tana karanta abin da suke rubutawa da babbar murya, har zagin, tana amsa wanda za ta iya. Ba ta ambaci sunana ba ko sau ɗaya, ko na kamfaninmu.

Don Baudelio ya ƙi ɓuya. Ya ce ya tsufa da kwana a gidan wani. Kwana goma sha tara bayan haka, da safe, jami'an shige da fice suka same shi a ƙofar gida yana ɗaure tsani a bayan motarsa. Adireshin na jikin lasin da ya yi murnar samu. Tía ta fito da rigar barci tana jan ƙafa, ya ce mata ta koma ciki, ya miƙa mata makullin mota da kwandon abincinsa. Roƙon da lauya ta shigar bai kai gaban alƙali ba aka sa Don Baudelio a motar da ta sauke su a kan iyaka.

Ya koma ƙauyensu inda bai bar kowa ba sai wani ɗan baffansa. Yana kira duk Lahadi. Da farko yana barkwanci, yana cewa tortilar can, wainarsu ta masara, ta fi tata. Daga baya kiran ya gajarta. A wata na biyar ɗan baffan ne ya kira, ya ce ƙusa ta soke shi a ƙafa, bai faɗa wa kowa ba, maganin suga kuma ya ƙare masa tun tuni. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Tía ta sa gidanta a kasuwa a wannan makon, ta ce wurinsa za ta koma. Mahaifiyata ta yi kuka ta yi faɗa, ta ce shekara talatin da takwas rabonta da zaman can, wa ta sani, wa zai duba mata tata gwiwar. Tía ta ce, “Mutumin da yake hawa rufi ne. Yanzu wa zai ɗauko masa ruwa?”

Ni na kai ta tashar mota da ke titin Harrisburg. Akwati biyu ne da babbar tukunyarta ɗaure cikin bargo. Mun iso da wuri, muka zauna a cikin motata da na'urar sanyi a kunne. Na daɗe ina shirya maganar, amma da ta fito guntuwa ce.

“Tía, ranar da kika tambaye ni ko na bincika. Na duba sunansa cikin lauyoyi, babu shi. Na sani tun kafin in kai ki.”

Ba ta juyo ba. Tana kallon wani mutum da ke loda kwalaye a cikin bas.

“Kin faɗa wa mai kamfaninku?”

“Na faɗa masa.”

“Shi kika faɗa wa.”

Ta ci gaba da kallon bas ɗin, ta sake tambaya.

“Da Baudelio ya tambaye ki fa, a tsakar gidana?”

“Na sani a lokacin ma.”

Ta buɗe jakarta ta rufe, ta sake buɗewa. Na yi zaton za ta mare ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ciro ɗan littafin da take rubuta girke-girke, ta yago shafi ɗaya, ta rubuta lambar sirrin shafinta ta ajiye a kan cinyata.

“Ki rufe shi. Ni ban iya ba.” Ta buɗe ƙofa. “Ba zan faɗa wa uwarki ba, zuciyarta ba ƙarfi. Shi ma ba zan faɗa masa ba, yana tambayarki kullum. Kada ki fito, akwai mai ɗaukar kaya.”

Na zauna na kalle ta tana jan ƙafa har ta hau. Ta zauna a ɗaya gefen, inda ba na ganin tagarta.

Na bar Puente Claro bayan wata biyu. Na kai wa lauya Itzel duk saƙonnin da ke tsakanina da Fabián, ta haɗa su da ƙarar da mutane ɗari da sittin suka shigar. Almazán ba a same shi ba, an ce an gan shi a wata jiha da wani suna. Fabián ya ɗauki lauyoyi, kuma har yau kamfaninsa yana nan yana aiki.

Shafin kuwa na yi mako uku ina ɗaga ranar rufe shi. Wata Asabar da hantsi na zauna a teburin kicin na shiga. Mabiyan sun ragu zuwa dubu hamsin. Akwatin saƙo yana da ɗari uku da ba a buɗe ba. Na yi niyyar wucewa kai tsaye wurin gogewa, amma na sama ya shigo ne da safiyar ranar, daga wata mata a wani ƙaramin gari kusa da Amarillo. Ta ce 'yar uwarta ce ta turo mata tsohon bidiyon ta WhatsApp, ita ma ta yi shekara goma sha biyu a ƙasar, ta tara kuɗin, ta kuma samu wani a garinsu da ya ce yana yin irin aikin. Tana so Doña Griselda ta sa mata albarka kafin ta je ranar Litinin.

Na rubuta mata cewa kada ta je, kada ta sa hannu a komai, na ba ta lambar lauya. Ta amsa nan take, ta ce Allah ya saka, amma Doña ce da kanta take magana?

Na ce a'a, 'yar yayarta ce. Doña ta yi tafiya. Sannan na buɗe saƙo na biyu.